Kujerun Ranar Baƙi

Litinin, 3 ga Maris
An ce jibi baƙi za su zo duba haƙƙin ma'aikata. Shekara tara ina taka keken ɗinki a kamfanin nan, na san fassarar wannan magana: fenti, sabulu a banɗaki, da kujeru. Mu masu farin kati, 'yan ƙasa, a zaune muke ɗinki. Masu jan kati, waɗanda suka ƙetaro iyaka neman abinci, su ke guga a tsaye tun safe har yamma. Kujerunsu na kulle a sito, sai ranar baƙi ake kakkaɓe su.

Talata, 4 ga Maris
Uwar Agogo, mai kula da layinmu, ta ja ni gefe. Wai ni zan yi wa baƙi magana tunda bakina ya iya. "In sun tambaya, ki ce duk ɗaya muke a nan." Na ce to. Me zan ce? Baban yara wata biyar ba aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Laraba, 5 ga Maris
Sun zo, mata biyu da wani mai gilashi. An manna takarda a bango da manyan baƙaƙe, wai dokar duniya ta hana bambanci a wurin aiki, mai ciki kuma tana da haƙƙin hutu. Doguwa, mai gugar da ke bayana, cikinta wata bakwai, ta zauna tana shafa kujera kamar kyauta aka ba ta.

Mai gilashi ya tambaye ni ko ana nuna wa wani bambanci. Na ce duk ɗaya muke. Har da murmushi, tir da wannan baki nawa! Ɗaya daga cikin matan ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo mini ɗan kati mai lambar waya. Na cusa shi a ƙasan jaka.

Motarsu ba ta gama fita ba aka kwashe kujerun.

Alhamis, 6 ga Maris
Doguwa ta ce, "Yaya, jiya ƙafata ta huta." Da gatse ta yi da ya fi mini sauƙi. Wa ya ce mata ni yayarta ce? Na ce ta yi gugarta ta ƙyale ni.

Asabar, 8 ga Maris
Ƙafafun Doguwa sun kumbura suntum, silifas ya ƙi shiga. Ba kallonta nake ba, tana kan hanyar banɗaki ne.

Litinin, 10 ga Maris
Ta yanke jiki ta faɗi wajen sha ɗaya. Uwar Agogo ta rugo da gudu, wallahi rigar da ke ƙarƙashin dutsen guga ta fara ceta. Da Doguwa ta farfaɗo aka ce mata, "In tsayuwa ta gagare ki, ƙofa a buɗe take." Haka suke yi. Ba sa korar mai ciki, doka ta hana. Tsayar da ita suke yi har ta kori kanta. Bara biyu suka tafi haka, ina zaune ina ɗinkina. Doguwa ta miƙe ta ɗauki dutse. In ta bar aiki takardar zamanta ta mutu, ta sani, su ma sun sani.

Na gaya wa baban yara. Ya ce, "Ina ruwanki? Ke kika yi mata cikin?" Na ji haushinsa, don bai faɗi abin da ban faɗa wa kaina ba.

Laraba, 12 ga Maris
Ina neman allura na ci karo da katin baƙuwar nan. Ban yar ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Zama ne ke sa mini ciwon baya, shi ke nan fa. Da safe na ja kujerata na tura ta bakin teburin guga, na sunkuya ina taka keke a tsaye. Ɗinkin ya ɗan karkace, sai me?

Uwar Agogo ta taho, ta ce wannan kujerar masu farin kati ce. Na ce, "Ranki ya daɗe, ai duk ɗaya muke. Ke kika koya mini." Ta rubuta lambata a littafinta, ta ce manaja zai gan ni gobe.

Doguwa ta zauna har aka tashi. Ta ce, "Na gode, Yaya." Ban gyara mata ba, ina sauri ne.

Katin baƙuwar nan ya dawo aljihun rigata. Gobe zan sa takalmi mai taushi, tsayuwar ba wasa ba ce.