Injin Baba Ba Shi Da Ciwon Ajali

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri, ya raya mana yara. Mama ta samu sauƙin ƙafar, har tana fita tsakar gida ba sanda. Auta ma ta koma makaranta.

Maganar injin sassaƙar Baba ce ta sa na rubuto, wanda ya haɗa da hannunsa, kwamfuta tana tuƙa shi yana fitar da zane a jikin ƙofa. Ka san tun da idonsa ya raunana ni nake tsaya masa a kai. Bayan rasuwarsa sai moton lantarkin da ke jan wuƙar sassaƙa zuwa hagu da dama ya fara gurnani yana kakkarwa, ya yi taku ya tsallake taku, layin da ya kamata ya miƙe ya fito kamar haƙoran zarto. Ƙofar wani mai otal ta lalace a hannuna, ya kwashe sauran aikinsa. Daga nan Baffa ya fara cewa injin ya bi mai shi.

Ban yarda ba. Na cire bel ɗin da ya haɗa moton da wuƙar don in ga ko ƙarfen da take gudu a kai ne ya cije, na goge, na sa giris, amma moton ko shi kaɗai rawa yake. Na rage masa gudu, bai daina ba. Sai na musanya wayar wutarsa da ta wani moton da ke gefensa, ciwon ya tashi ya koma can. Ashe sili ɗaya ne ya karye a cikin robar wayar, daidai inda wayar ke lanƙwasa in injin yana kai da komo. Na yanke wurin, na haɗa da dalma. Da na kunna, ya tafi sumul, har na sassaƙa fure a guntun katako, na zauna ina kallonsa ina hawaye.

Da katakon a hannuna na je wurin Baffa. Ko karɓa bai yi ba. Ya ce an gama magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa, kuma kai da bakinka ka ce masa a waya a rabu da shi, tunda mace ba za ta iya da shi ba. Na ce masa ai ya gyaru, ya zo ya gani. Ya ce magana ta riga ta fita.

Injin bai iya fita ta ƙofar shagon ba, domin a ciki Baba ya gina shi. Sai mai sayen ƙarafan da yaransa suka zo suka yanka shi gida-gida a gabana. Wanda ya tsinke wayar da na gyara har yana ce mini wannan haɗin mai kyau ne, wa ya yi?

Ba na neman komai a wurinka. Lambata tana wayarka, kuma kiran da ka yi wa Baffa bai fi nawa wuya ba. Mama ta ce kada in faɗa maka don kada ranka ya ɓaci. Na ga gara ya ɓaci.

Ka gaishe da matarka da su 'yan biyu. Mama, Gwaggo da Auta suna gaishe ka.

Yayarka, wadda ba a tambaya ba.