Hular Angon Inna

Zuwa ga ƙanina Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kai da maiɗakinka da yaron kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu nan Dutsin-Ma lafiya lau. Inna ma a Tamawa da sauƙi, sai dai idon. Na rubuto maka wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa inda jama'a za su gani ne saboda a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da na ɗauko zancen zuwanka gida sai ka ce in sha Allahu, ka shiga tambayata ya damina.

Tun da ka gama karatu ka yi aure a can, ka zauna a 'yar gonar surukanka kana kiwon dabbobin nan da kuke kira alfaka, Inna ba ta gama gane sana'arka ba. Na nuna mata hotonsu, ta kawo wayar dab da fuskarta, ta ce wannan ai tunkiya ce ta ari wuyan raƙumi. Ta tambaya ko ana layya da su. Na ce ka ce ba a yankawa, aski kawai ake yi masu duk shekara, a kaɗa gashin ya zama ulu a sayar. Sai ta ce, "To, Habu wanzamin dabbobi ya koma ke nan." Har yau in maƙwabta suka tambayi aikinka, abin da take faɗa masu ke nan.

Da jakar gashin da ka aiko ta iso, na kai mata. Ka san ta da kaɗi, tun muna yara mazari ba ya barin gefen tabarmarta. Ta shafa gashin, ta ce ba ta taɓa jin abu mai laushi haka ba, sai kuma ta janye hannu. Wai gashin dabbar da ba a yanka ba, ba za ta yi ta damƙarsa tana tashi salla ba sai an tsarkake shi. Ta sa muka tafasa ruwa da kanwa, muka zuba rabi a ciki, muka cuɗa da sabulu iya ƙarfinmu. Da ya bushe sai ya dunƙule ya zama abu guda, ko yatsa ba ya shiga. Shi ne yanzu take zama a kai. Daga baya maigidana ya tambayi wani malami a Kurfi, ya ce gashin da aka aske daga dabba mai rai ba shi da wata ƙazanta. Da haka ɗaya rabin ya tsira.

Ta sha wuya kafin ya bi hannunta. Santsi gare shi, ba kamar auduga ba, tana ja yana zamewa, tana dangwalar alli tana mita. Idon bai taimaka mata da komai ba, da yatsu ta yi aikin. Zaren ya fito wani wuri kauri wani wuri siriri, amma ya fito. Ni na ɗauki kwarashi na saƙa wa ɗanka hula da shi. Tunda sunan Baba ka sa masa, ba ta kama sunan, angona take ce masa.

Ka ce in nemi mai tafiya in ba shi ya kawo maku. Inna ta hana. Ta ce, "Ba a aika ma ango hula. Ni za ni sa mashi da hannuna, in ji girman kan."

Lokacin yana jariri ne. Duk hoton da ka turo sai ta ce in duba mata ko kan ya ƙaru. Da ya fara zama na warware hular na ƙara mata faɗi. Da ya fara tafiya na sake warwarewa. Bara ka ce sai an gama aski za ku zo, bana ka ce garken na haihuwa, babu mai kula. Ban ce ƙarya kake ba. Gidan kiwo muka tashi, na san dabba ba ta jin uzuri. Amma surukanka da ka tarar suna kiwon nan, ai ba su manta yadda ake yi ba.

Ina kewarka, Habu, ba na ɓoye maka. Inna kuwa ba ta faɗa, sai dai ta ce a ɗauko mata hular, ta sa dunƙulen hannunta a ciki ta yi ta juyawa. Likita ya ce idon dama ya tafi, na hagun ma yana bin sa. Yanzu in na shiga ɗakinta sai na yi magana take gane ni. Ta koma kan farar audugar da take kaɗawa don likkafaninta, kamar yadda Kaka ta yi, tana yi tana hira abinta.

Zaren alfakar da ya rage a ƙwarya ba zai isa a sake yi wa hular ƙari ba. Kada ka ce za ka aiko da wani gashin, ba gashi muke jira ba.

Allah ya albarkaci kiwonka, ya raya mana yaron, ya buɗe maka hanyar gida. Allah ya sa ku tarar da Inna da sauran gani, ya sa kuma hular ta shiga.

Yayarka,
Binta