Injin Wuta a Gindin Ɗorawar Baba

Sabon Gari, Wudil
Maris, 1977

Aikin farko na yau shi ne, na je Utai gidan Inna na tsiyaye man inji, na rufe shi da tamfol.

Zuwa ga Yayana Labaran,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, da aikin mai a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida ba sanda.

Yaya, na daɗe ina juya yadda zan faɗa maka. Injin wutar da ka aiko wa Inna ya daina aiki, kuma lafiyarsa ƙalau, mu muka kashe shi. Ranar da aka kawo shi mun ajiye shi a bayan ɗakinta, ta ce ƙararsa ta hana ta jin kiran salla. Sai muka kai shi gindin ɗorawar bayan gida, inda marigayi Baba ya rataya amyoyinsa na zuma, don ya sami inuwa. Kowa ya yarda. Baffa Gwadabe, wanda yake kula da amyoyin tun rasuwar Baba, shi da kansa ya kama mana ɗauka, yana dariya yana cewa ƙudan zuman Utai ba su san hayaƙin Turawa ba, na ciyawa kaɗai suke tsoro. Ni ma na yi dariya.

Da farko abin gwanin sha'awa. Ƙwan lantarki ya haska zaure, fanka na juyawa, maƙwabta na aiko kwano a ba su ruwan sanyi, Inna na ta sa maka albarka. Amma hayaƙin man gas sama yake bi, cikin rassa. Da ɗorawa ta yi fure, lokacin da a da ba ka iya tsayawa gindinta don gunjin zuma, bana sai muka ji tsit. Baffa ya hau ya dudduba, ya tarar ƙudan zuman duk sun tashi, sai busasshiyar saƙa. Ya sauko, ya bar takalmansa a wurin ya tafi gida.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi zumar nan aka lasa mana ranar haihuwa, ni da kai, kuma muddin tana jin gunjinsu gani take mai gidan bai yi nisa ba. Ta ce kada a sake tayar da injin. Garin neman gira mun rasa ido. Na yi mata bayanin cewa wutar da ake ja daga Kainji ruwa ne ke juya injinta, ba mai, ba hayaƙi, sai dai ban san ranar da turakunta za su kai ƙauye ba. Ta ce duk ranar da ruwa ya haifi wuta a zo a tashe ta ta gani. Na karanta wannan a sakandare, amma a gabanta ni ma sai na ji kamar tatsuniya nake yi.

Na san da zuciya ɗaya ka aiko, shi ya sa nake jin nauyi. Ban sani ba ko da na matsar da injin tun wuri da ba a kai ga haka ba. Abin da nake roƙo, ka ba ni izini in kai shi masallacin unguwa, ladan sadakar ya kai ga Baba. Kada ka rubuto wa Inna kana lallashinta, ka bar ta tukuna. An ce an ga taron zuma a wani gawo a Dagumawa, Baffa na so ya gwada sa'a, ko da yake bai sa rai ba.

Ka gaishe da Lubabatu da Nana da Ƙasimu. Saudatu da yara suna gaishe ku. Inna ta ce a faɗa maka ba ta fushi da kai.

Ƙaninka,
Sharhabilu

Abin da ya rage gobe:
Kai takardar nan gidan waya.
Naɗe wayoyin zaure.
Raka Baffa Dagumawa da amya.
Sayo wa Inna lagwani da kananzir.