Ƙullin da Kike Cewa Daga Goggo Yake

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifiyarsa, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci. Autanki ne, Sale, daga nan Toranke. Kin san karatuna bai yi nisa ba, sai ki yi haƙuri da rubutun.

Inna, Yaya Hadiza ta gama. Jami'ar gwamnati da ke Kano ta yaye rukuninta na farko na likitocin dabbobi, ita kaɗai ce mace a cikinsu. Shi ya sa aka ce ita za ta yi jawabin godiya.

'Yar farinki ce, har kika bar duniya ba ki taɓa kiran sunanta ba. "Waccan" kike cewa. In ta dawo hutu kowa ya fito tarbarta, ke lokacin ne za ki tuna da tukunya a kan wuta. Mu mun san kunyar ɗan fari ce. Ita kuwa ta zauna da 'yan birni, tana ganin iyayensu na rungume su a ƙofar makaranta, sai ta ɗauka ba ki damu da ita ba.

Ana gobe taron ta karanta min jawabin. Ta gode wa Baba, da malamanta, da Goggo Asabe ƙanwar Baba, wai ita ce ba ta taɓa fasa aiko mata da ƙuli-ƙuli da yaji ba. Babu ke a ciki. Da na tambaya, ta ce me za ta faɗa, tunda ko sau ɗaya ba ki tambaye ta me take karantawa ba.

Inna, ni ne mai kai ƙullin ƙuli-ƙulin nan tashar Ajingi ranar kasuwa, in ba direban motar Kano. Ina kallo kike tsince gyaɗar da ta ƙone ki ba mu, mai kyau ki yi mata ƙuli da ita. "Ka ce daga Goggonta," kike cewa. In na dawo ba ki tambayar lafiyarta, sai dai ki ce ko direban ya ce Kano lafiya.

Ranar da akuyarmu ta kasa haihuwa Yaya ta fito da ɗan da rai, na gan ki a bayan zana kina leƙe. Tana juyowa kika hau faɗa wai an bar kaji a kan shanya.

Kin hana ni faɗa, na kuwa riƙe. Amma na ga in ta sauko daga wurin jawabin nan da wannan zato, da shi za ta tsufa. Sai na gaya mata komai. Ta buga wa Goggo waya. Goggo ta yi dariya, ta ce ita da ko suyar gyaɗa ba ta iya ba.

Da aka kira ta a lasifika, ta hau da doguwar riga da hula mai tuntu. Ta gode wa Baba da malamai. Sannan ta ce akwai wadda ta fi kowa, mahaifiyarta ce, tana roƙon a yi mata addu'a. Zauren nan kaf ya ɗaga hannu, har da manyan jami'a.

Na san da kina nan cewa za ki yi mun ba ki kunya a gaban jama'a. Ki yi haƙuri, Innata. 'Yarki dai yanzu ta sani.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ku a Aljanna.

Naki har kullum,
Sale