Taguwar Aghali ta karɓi marainiyar Baba

Zuwa ga Yayana Abdulrazak, a Tamanraset,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, Ya tsare ka a ƙasar mutane. Mu nan Tahoua lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa da kanta, Maryam kuma ta fara tafiya, ba abin da ke tsira a hannunta.

Yaya, ina da labari mai daɗi, amma bari in fara da mara daɗin. Taguwar nan, raƙumar da Baba ya bar mana wajen Aghali, makiyayinmu na Takanamat, ta mutu kwana biyu bayan haihuwa. Ta bar 'ya mace, ita kaɗai ta rage daga garken Baba. Da na ji, washegari na hau mota. Na tarar da ita kwance, ta ƙi nonon akuya, ko wuya ba ta iya ɗagawa. Allah da ikonSa, a satin nan wata taguwar Aghali ta rasa ɗanta, hantsarta cike. Tanna, tsohuwar Aghali, ta sa an feɗe ɗan da ya mutu don a lulluɓa wa marainiyar fatarsa, uwar ta ji warin ɗanta ta bar ta ta sha.

To, nan ƙanwarka ta yi abin kunya. Ni da na yi shekara tara ina koya wa 'yan lakwal a makaranta darasin dabbobi masu shayarwa, ina gaya musu jemage ba tsuntsu ba ne, ayu na cikin kogi ba kifi ba ne, bushiya ma da ƙayarta nono take ba 'ya'yanta, sai na ga fatar nan a shanye tana wari, ƙudaje sun rufe ta. Na ce wannan ai cuta ce. Na ɗauko sabulu na wanke ta tas, har ina jin na kyauta! Da aka kawo marainiyar cikin fatar, taguwa ta sunsuna sau ɗaya ta kai mata harbi. Tanna ta sunsuna fatar ita ma, ta dube ni, ta tambayi Aghali ko wannan ce malamar da ake faɗi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Gaskiyar masu magana, sanin wurin bugu shi ne ƙira.

 Tsohuwar ta bayyana wa Aghali cewa taguwa ba ta lasar ɗanta kamar saniya, da hanci kaɗai take saninsa, don haka sai a ba hancin abin da ya sani. Ta tari fitsarin taguwar, ta tatso ɗan nononta, ta shafe marainiyar da su daga ƙeya har wutsiya, ta ɗaure su biyu nesa da garke. Kwana biyu muna ɗura wa 'yar nono da cokali, ina kallon haƙarƙarinta ina zargin kaina. Rana ta uku da hantsi taguwar ta sunkuyar da dogon wuyanta, ta daɗe tana sunsuna, ta yi wani gurnani a hankali, sannan ta buɗe ƙafafu. Yaya, ta sha! Ta sha har kumfa na zuba a bakinta, ni kuwa na zauna cikin yashi ina kuka ina dariya.

Yanzu tana tsalle bayan sabuwar uwarta. Aghali ya ce in gaya maka ƙarfen da Baba ke sa wa raƙumansa lamba da shi na nan a ajiye, kuma ba wanda zai sa mata lambar sai kai. Ya ce zai jira, ko shekara nawa ne. Ni dai ba zan iya jira kamarsa ba, ka dawo gida.

Inna na gaishe ka, da Rukaiya da Kawu Arzika. Ka gaida Bashir da duk 'yan yankinmu na Adar da ke tare da ku. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Balkisu