Gumbrin Baba

Litinin, 8 ga Mayu
An sallamo Baba daga asibiti. Hannun dama ya mutu, magana ba ta fita. Amma da Gwaggo Mbarka ta ɗauko waƙar waliyyi Sidi Sa'ad tana gyara masa matashi, sai ya amsa mata, baiti guda, tar da shi. Likita ya ce hakan na faruwa. Ni dai ban gane ba. Mutumin da ya kasa kiran sunana.

Alhamis, 11 ga Mayu
Ziyarar waliyyi ta matso. Masu kaɗa ƙarafa suna nan, mai gumbri, garayar nan mai tsirkiya uku, shi ne babu. Duk unguwarmu ta Bab Jadid Baba kaɗai ya rage. Gwaggo ta ce matan da ke jiran kiɗan stambeli, irin namu na bori, su yi rawa su sami sauƙi, wa zai gaya musu? Tana faɗa tana kallona. Na ce, "Gwaggo, ni fa magani nake sayarwa a kemis." Ta ce, "Shi ubanki me kika ɗauka yake yi, tallan kifi?"

Asabar, 13 ga Mayu
Baba ya nuna gumbrin da ke rataye, ya nuna ni. Yayana Rida ya ce yana nufin a kai shi gidan tarihi. Gwaggo ta ce ƙarya ne, kaɗawa yake nufi. Wataƙila ƙura kawai yake so in goge. Baban ne fa ya doke hannuna ina yarinya, ya ce mace ba ta taɓa wannan. A bayan ƙofa na koya, da kunne.

Talata, 16 ga Mayu
Maigidana Munsif ya ce, "Najiba, ke da ba ki yarda da aljanu ba?" Ban yarda ba. To me ya hana ni cin lablabi, romon waken da ya sayo min?

Juma'a, 19 ga Mayu
Na sauko da gumbrin. Ya fi yadda na zata nauyi, yana ƙamshin turaren jawi. Ina taɓa tsirkiya Baba ya fara bugun gado da hannun hagu. Na tsaya, ya ƙara bugawa. Na ci gaba, bai daina ba. Hana ni yake ko gyara min kiɗa? Hawaye har kunnensa. Na ce, "Baba, in bari?" Sai ya rufe ido ya shiga waƙa, dole na bi shi. Gwaggo na bakin ƙofa, ta ce, "Kin yi sauri, 'yar nan. Aljani ba tasi ba ne."

Lahadi, 21 ga Mayu
Ban ce zan je ziyarar ba. Ban ce wa kowa komai ba.
Na yanke faratana yau, har ƙasa. Dama suna damuna wajen aiki. Na kuma nemi hutun sati guda, saboda gajiya.