Tukunya ta Ashirin

Badamak,
3 ga watan Aban

Zuwa ga jikana Siyawash,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da hayaƙin birnin Mashhad ɗinku. Ya aiki? Har yanzu wuyan nan naka yana nan kamar na zakaran da ruwa ya daka? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita ma ta ce a gaishe ka.

Wasiƙarka ta iso, Allah ya yi maka albarka. Ta same mu hankali a tashe. Gidajen da suka rage a ƙauyen nan goma sha tara ne, an kuma ce in masu ƙidaya ba su sami ashirin ba, za a rushe majalisarmu a haɗa mu da mutanen ƙauyen Sarband. Su ne fa za su riƙa yanka mana ranar ban ruwa! Da kakanka yana raye, da ya sake mutuwa.

Na karanta wa baffanka Nusratullah abin da ka rubuta, cewa hukuma tukunya take ƙirgawa ba ƙofa ba, duk masu cin tukunya ɗaya gida ɗaya ne. Sai ya ce ai shi ke nan, mu ce musu ni dabam nake ci. Na ce, "Kai, da furfurar tawa zan yi ƙarya? Ɗauko min tukunyata." Tun ranar na koma ɗakin kakanka na bakin garka, na hura wutata.

Matar baffanka, Mahbube, ta yini tana kuka, wai za a ce ta kore ni. Na ce ta share hawayenta, ranar da aka kore ni ai ni zan fara sanar da gari.

Ka sa mu a addu'a. Jibi za su zo.

Kakarka,
Bibi Gulnisa

Badamak,
9 ga watan Aban

Siyawash, hasken idona,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin abokinka mai tari? Zauna ka sha labari.

Mai ƙidayar yarinya ce mai tabarau, Hanum Rastegar. Ta fara da gidan baffanka, Mahbube ta cika ta da miyar rumman. Da ta iso wurina ta dubi ɗakin, ta dube ni, ta ce, "Uwa, da gaske ke kike girkinki? Ɗanki fa ga shi nan taku goma." Na ga alƙalaminta ya tsaya.

To ka san shekara goma sha ɗaya rabona da ludayi. Shinkafar ranar ƙasa gawayi, sama tsakuwa, gishiri kuwa na zuba sau biyu don na manta na farko. Na yi mata tayi, ta ƙi har sau uku kamar 'yar mutunci. A na huɗu na danƙa mata cokali. Ta tauna, ta tauna, idanunta suka kawo ruwa. Ta ce, "Allah ya raba hannunki da ciwo, uwa. Wannan kam ba daga gidan can ya fito ba." Ta sunkuya ta rubuta.

Ashirin cif! Majalisarmu tana nan, ruwanmu yana hannunmu. Mashti Kurban, wanda bai gaishe ni ba tun rigimar akuya, ya zo da kwandon rumman yana kirana uwar gari. Na ce ya ajiye kwandon tukuna.

Ni dai na gode wa Allah, na gode maka, ɗan nan. Da ana cewa karatunka ya raba ka da mu, ga shi ya riƙe mana ƙauye. Na yi kuka kaɗan, kada ka gaya wa kowa.

Mahbube tana roƙo in dawo. Na ce a'a, abin da aka rubuta sai ya zama gaskiya. Saboda haka in ka zo hutun Nuruz na sabuwar shekara, a gidana za ka sauka. Kai ka kawo shawarar, kai za ka cinye shinkafar.

Kakarka mai gida guda,
Bibi Gulnisa